Fayil ɗin asibiti: takardar tasu ce, bayanin naka ne

Duk wanda ya taɓa bin layin ganin likita a babban asibitin gwamnati ya san tsarin. Ka yanki kati, a ba ka 'yar ƙaramar takarda mai lamba, ita ce rabonka. Fayil ɗin kuwa, wanda a cikinsa ake rubuta duk abin da ya shafi jikinka, ma'aikaci ne zai ɗauko shi daga ɗakin kati, ya rungumo shi tare da na wasu, ya jibge a teburin nas. In an tura ka wani sashe, shi ne dai zai riƙe kana biye da shi a baya. In kuwa an rasa mai rakiya aka miƙa maka, sai a haɗa da gargaɗi: "Baba, kai tsaye za ka kai, ban da buɗewa." Wasu wuraren har manne bakinsa ake yi. A haka da yawanmu muka tashi, har ya zauna mana a rai cewa mutum ya leƙa fayil ɗinsa laifi ne.

Ba laifi ba ne. Sai dai maganar ba ta kai sauƙin da masu cewa "haƙƙinka ne, je ka karɓo" suke nunawa ba, domin abu biyu ake cakuɗawa. Akwai ita kanta takardar, ko kwamfutar da aka zuba bayanin a ciki. Wannan ta asibiti ce, su suka saye ta, su doka ta ɗora wa nauyin adana ta, kuma ba za su ba ka ita ka tafi gida ba. Akwai kuma abin da aka rubuta a kai: awon jininka, ciwon da aka gano, maganin da aka ba ka, abin da aka tarar da aka buɗe cikinka. Wannan labarin jikinka ne, daga bakinka da jininka ya fito. Wanda ya zuba hatsinsa a rumbun maƙwabci bai mallaki rumbun ba, amma ba a hana shi sanin dami nawa ya rage.

Wata shari'a da aka yi a Kanada ta fayyace wannan rabo sosai. Wata mata mai suna Margaret MacDonald ta nemi likitarta, Elizabeth McInerney, ta ba ta kwafin duk abin da ke cikin fayil ɗinta. Likitar ta ba ta abin da ita da kanta ta rubuta, ta hana ta rahotannin da wasu likitoci suka aiko, ta ce ta je ta nema a wurinsu. A 1992 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa takardun na likita ne, amma bayanin da ke ciki amana ce a hannunta, don haka majinyaci na da ikon dubawa da yin kwafin dukkansa, ya biya ɗan kuɗin da aikin ya ci. Kotun ta ƙara da cewa in likita zai hana, shi ne zai kawo hujjar cewa bayarwar za ta cutar da majinyacin ko wani, ba majinyaci ne zai kawo hujjar dalilin nemansa ba. Bayan shekara huɗu, a 1996, babbar kotun Ostireliya ta kalli kusan irin wannan magana a ƙarar da Julie Breen ta kai likitanta, ta ce a'a, dokar da suka gada daga Ingila ba ta bai wa majinyaci wannan iko ba. Sai daga baya majalisa ta yi doka ta cike gurbin. Kotuna biyu masu tushen shari'a ɗaya, wanda mu ma shi muka gada, sun raba hanya. Abin da wannan ke nunawa shi ne, in ana son haƙƙin ya tsaya da ƙafarsa, sai an rubuta shi ɓaro-ɓaro a doka.

To mu fa? A Najeriya an rubuta, amma a warwatse, kuma inda mutum zai fara dubawa ba nan yake ba.

Kowa zai zaci Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce za ta warware zancen. Ta yi rabin aikin. Sashe na 23 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da lafiyarsa ke ciki, da gwaje-gwaje da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowanne da haɗarinsa da kuɗinsa, da kuma ikonsa na ƙin karɓar magani. Har ta ce a yi bayanin da harshen da yake ji, a kuma lura da ko yana karatu ko ba ya yi. Ma'ana, likitan da ya zuba wa tsohuwa Turanci ya sallame ta bai sauke wannan nauyi ba. Sashe na 25 ya ce dole kowace cibiyar lafiya ta buɗe wa kowane majinyaci fayil ta adana. Sashe na 26 ya ce duk abin da ke ciki sirri ne, ya kuma lissafa 'yan hanyoyin da za a iya fitar da shi: in mai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni ko wata doka ta buƙata, ko iyaye ko waliyyi sun nema a madadin yaro ko wanda ba ya iya yanke wa kansa hukunci, ko kuma in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari.

Sai sashe na 27, wanda kansa ke magana a kan samun damar ganin fayil. Nan ne mai karatu zai gyara zama, sai ya tarar ba da shi ake ba. Sashen yana bayani ne a kan yadda ma'aikacin lafiya zai iya miƙa bayanan ga wani ma'aikacin ko wata cibiyar saboda amfanin majinyaci. Babu layin da ya ce "majinyaci ya nemi kwafi, a ba shi cikin kwana kaza". Wanda ya ɗora dokar tamu kusa da ta Afirka ta Kudu ta 2003 zai ga kamanni ƙwarai a waɗannan sassa. Bambancin shi ne su can suna da wata doka daban tun 2000 ta samun bayanai, wadda ta hau kan hukumomin gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu duka, har da tanadi na musamman a kan takardun asibiti. Tamu Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 an gina ta ne a kan hukumomin gwamnati. Tana iya yi wa mutum amfani a asibitin gwamnati, tunda ta ba da wa'adin kwana 7, ta kuma yarda a fitar da bayanin mutum in shi mai bayanin ya amince. A asibitin kuɗi kuwa ba ta da ƙarfin nan.

A Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Marasa Lafiya, wanda hukumar kare masu sayayya ta tsara tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Haƙƙoƙi 12 ne, ɗaya daga ciki shi ne majinyaci ya samu cikakkun takardun lafiyarsa a kan kari. Shi ne allon da ake gani manne a bangon wasu asibitoci. Yana da amfani wajen nuna wa ma'aikaci da yatsa, amma tattara abin da ke cikin dokoki da ƙa'idojin aiki aka yi, ba majalisa ce ta zartar da shi a matsayin sabuwar doka mai hukuncin kanta ba.

Inda haƙƙin ya samu haƙora shi ne wurin da yawancin majinyata, da ma'aikatan ɗakin kati ma, ba sa kai ido: Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar. Mutane na ɗaukarta ta bankuna ce da kamfanonin waya da masu ba da bashi ta intanet. Alhali ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma ta faɗa tun daga farko cewa ta shafi bayani ko a na'ura yake ko a takarda. Ke nan tsohon fayil mai ƙura da aka ɗaure da zare yana ciki. Sashe na 34 ya ba kowa ikon tambayar duk wanda ke riƙe da bayaninsa: me kuke riƙe da shi, don me, wa kuka ba, har yaushe za ku ajiye? Ya ba shi ikon karɓar kwafi ba tare da tarnaƙi ko jan ƙafa marar dalili ba, da ikon neman a gyara abin da aka rubuta ba daidai ba. In yin kwafin zai ci kuɗi mai yawa, ana iya cewa mai nema ya biya wani ɓangare ko duka. Dokar ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, don karɓar ƙorafi, kuma tarar da ta tanada kan kai naira miliyan 2 ga ƙananan masu riƙe bayanai, miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara in ya fi haka yawa.

A ganina raunin da ya rage ba na rashin doka ba ne, na rashin misali ne. A Amurka dokar HIPAA ta 1996, wadda ta shafi bayanan lafiyar majinyata, da ƙa'idojinta sun ba asibiti kwana 30, amma an daɗe ana taka ta har sai da aka fara cin tara. A 2011 an ci wata cibiya mai suna Cignet Health dala miliyan 4.3 bayan ta hana majinyata 41 takardunsu, ta kuma ƙi ba masu bincike haɗin kai. A 2019 wani asibiti a jihar Fulorida ya biya dala 85,000 saboda ya ja wata uwa wata tara kafin ya ba ta takardun awon bugun zuciyar ɗan da ke cikinta. A Birtaniya, tun 2018 wa'adin wata ɗaya ne, kuma kwafin farko kyauta. Ranar da aka ji an ci wani asibiti tara a nan gida saboda hana majinyaci kwafinsa, ranar ce za a buga fom ɗin nema a ajiye a ɗakin kati.

Akwai wata dabara da ya kamata a gane ta, domin a nan ake juya yawancin masu nema ba tare da sun ankara ba. Ka ce kana son takardunka, sai a ce maka: "To, Alhaji, rahoton likita kake so, je ka biya a kawo rasit." Rahoton likita daban, kwafin fayil daban. Rahoto wasiƙa ce da likita zai zauna ya taƙaita, shafi ɗaya ko biyu, ya zaɓi abin da ya ga ya dace ya shiga. In wurin aiki ko makaranta ko ofishin biza za ka kai, ya wadatar. Amma taƙaitawa zaɓi ce, kuma abin da aka bari a baya wani lokaci shi ne likita na gaba yake nema. Kwafin fayil kuwa shi ne abin da aka rubuta a ranar da aka rubuta shi: bayanin likita a kowane zagaye, takardar nas ta awon zafin jiki da hawan jini awa bayan awa, jadawalin magani da sa hannun wanda ya bayar da lokacin da ya bayar, bayanin tiyata, takardar mai sa barci, sakamakon gwaji na asali.

A ɗauki mace da aka yi wa tiyatar haihuwa a wani gari, aure ko canjin aiki ya kai ta wani garin, ga ta da sabon ciki. Tambayar farko da likitan mata zai yi ita ce yadda aka yanka mahaifar, a kwance ta ƙasa ko a tsaye. In a kwance ne, ana iya barinta ta gwada haihuwa da kanta ƙarƙashin kulawa. In a tsaye ne, haɗarin fashewar mahaifa ya yi yawa, ba a barinta ta yi naƙuda. Tabon da ke kan fatar ciki ba ya ba da wannan amsa, don ana iya yanka fata ta wata fuska a yanka mahaifa ta wata. Ita kuma tana cikin barci ko bayan labule aka yi aikin. Amsar tana cikin layi biyu na bayanin tiyata, a fayil ɗin da ta baro. Haka mai jinin negetib da ke buƙatar a san ko an yi mata allurar kariya cikin awa 72 bayan haihuwar baya. Haka wanda maganin Septrin ya taɓa saɓule wa fata, abin da ya iya riƙewa kawai shi ne "wata farar ƙwaya ce".

Ga kuma halin da muke ciki. Likitoci su shiga yajin aiki, mai ciwon suga ko ƙoda ya koma asibitin kuɗi hannu rabbana, a sake masa gwajin da ya biya makon jiya. Likitan da ya haddace ciwonka shekara da shekaru ya samu aiki a Saudiyya ko Ingila ya tafi da abin da ke kansa. Masu hali da ke fita Masar ko Indiya su isa da wasiƙa mai shafi ɗaya, a ce sai an faro komai daga tushe, da dala. A Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har asibitin koyarwa na Maiduguri, kuma takarda ba ta shiri da ruwa. Kwamfuta ma ba ta gama magance matsalar ba: asibitocin da suka koma na'ura kowanne da irin tasa manhajar, ta wannan ba ta magana da ta wancan, har majinyaci kan fito yanzu ko takardar magani babu a hannunsa.

Su ma asibitocin suna da abin faɗa, kuma ba duka ne son zuciya ba. Fayil ɗin takarda guda ɗaya ne tak a duniya, in ya fita ya ɓata shi ke nan. Ma'aikatan ɗakin kati kaɗan ne, fayil dubbai, injin kwafi ɗaya in ma akwai, wuta kuma sai an ta da janareta. Waɗannan dalilai ne na a tsara yadda za a ba da kwafi da kuɗin da za a biya, ba dalilan hanawa ba ne. Dalilin da ba a cika furtawa ba shi ne tsoron ƙara. Da zarar mutum ya ce yana son fayil, sai a ɗauka lauya ne a bayansa. Mafi yawan masu nema ba kotu suka nufa ba, wani likitan suka nufa. Wanda kuma kotun ya nufa, hana shi ba ya kare kowa, don alƙali na iya ba da umarni a kawo fayil ɗin gaba ɗaya. Abin da hanawar ke haifarwa kawai shi ne zargi, ko da babu abin da aka ɓoye.

Sai hujjar da ta fi yawo: ai ko an ba shi ba zai gane ba, rubutun likita ne, tsoro kawai zai ji. Wannan ita ce ta fi ba ni mamaki, domin a gabanmu ake ƙaryata ta kullum. Katin awon ciki a hannun wa yake? Katin rigakafin yara fa? Matan da ba su taɓa shiga aji ba suna naɗe shi a leda, su sa a ƙasan akwati ko cikin kwalla, su fito da shi ranar da ake buƙata. A Nijar majinyaci ne ke riƙe da ɗan littafinsa na asibiti, karne, a ciki ake rubuta abin da aka gani da maganin da aka ba shi, ya tafi da abinsa duk asibitin da ya nufa. Ba sai mutum ya iya karanta takarda take yi masa amfani ba, ya isa ya iya kai ta ga wanda zai karanta. A Amurka an gwada abin kai tsaye a 2010, a wani shiri da ake kira OpenNotes: likitoci sama da 100 a Boston da Fensilbeniya da Siyatil suka buɗe wa majinyata kusan 20,000 bayanan da suke rubutawa. Likitocin sun shiga da fargabar za a dame su da tambayoyi. Bayan shekara guda, kashi 99 cikin 100 na majinyatan da suka amsa tambayoyin binciken suka ce a ci gaba, kuma ba likita ko ɗaya da ya janye.

Akwai dai inda hanawa ke da gurbi. In fayil ya ƙunshi sirrin wani, misali abin da ɗan'uwa ya faɗa wa likita a asirce game da majinyacin, ana iya rufe wannan ɓangaren a ba da sauran. In akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa ganin bayanin zai jefa mutum cikin haɗari, kamar wanda ke cikin tsananin ciwon ƙwaƙwalwa yana barazanar hallaka kansa, ana iya jinkirtawa ko a bi ta hannun likitan da zai zauna da shi. Sashe na 23 ma ya bar wannan ƙofa. Amma ƙaramar ƙofa ce, mu kuma mun mai da ita babbar hanya.

Ga yadda abin ke faruwa. Sakamako ya fito, ciwon daji ne. Babban ɗa ya tari likita a baranda: "Ranka ya daɗe, don Allah kada a faɗa wa Baba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba." Daga nan kowa ya sani, matansa da 'ya'yansa da surukai har maƙwabta masu zuwa dubiya, ban da mai ciwon. Niyyar mai kyau ce, tausayi ne. Sai dai an kifar da dokar a kanta: wanda sirrin yake nasa shi aka rufe wa, waɗanda ba su da iko sai da izininsa su aka buɗe wa. Dattijon da ke da bashi a kansa ko a kan mutane, da wasiyyar da bai yi ba, da wanda yake son neman gafararsa, an ƙwace masa damar shirya kansa. Mafita ba ita ce a jefa masa labarin kamar dutse ba. Likitan kirki kan fara da tambaya: "Baba, kana so in yi maka bayanin abin da muka gani, ko akwai wanda ka fi so in yi wa?" In ya ce a gaya wa ɗansa, ya yi amfani da haƙƙinsa ke nan. Wanda ya ce ba ya son sani, ba a tilasta masa.

Wannan ya kawo mu kan tambayar da ke ta da jijiyar wuya: miji na da ikon ganin fayil ɗin matarsa? A doka, a'a, sai ta yarda a rubuce, ko da shi ya biya kuɗin kati da na gado. Haka ita ma ba ta da ikon ganin nasa. Uwar miji, wan miji, mai gidan da mutum ke yi wa aiki, duk layi ɗaya suke. Iyaye na iya neman na ɗansu ƙarami, waliyyi na iya neman na wanda ya fita hayyacinsa. Na san wannan na yi wa wasu magidanta nauyi a kunne. Amma macen da ta san duk abin da ta faɗa wa likita zai isa gida kafin ta isa, ba za ta faɗi gaskiya ba, kuma maganin da aka ɗora a kan rabin labari kowa ya san inda yake ƙarewa.

Wanda zai nema, ya nema a rubuce. Magana ta baka a bakin taga ba ta barin sawu. Wasiƙa ce gajera zuwa ga shugaban asibitin, da sunanka kamar yadda yake a kati, da lambar fayil, da lokacin da aka duba ka ko aka kwantar da kai, da ainihin abin da kake so: kwafin fayil gaba ɗaya, ko bayanin tiyata da sakamakon gwaje-gwaje da faifan hoton sikanin. Ka ambaci sashe na 34 na dokar 2023. Ba dole ne ka faɗi dalili ba, ko da yake cewa "zan kai wa wani likita ne" kan sanyaya zukata. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Za su nemi katin shaida, kuma daidai ne su nema, kariya ce gare ka. In wani za ka aika, ka haɗa shi da takardar izini mai sa hannunka. In an ba ka, ka nemi a buga hatimin asibiti a shafukan, ka ƙirga su a gabansu. Mafi sauƙi duka shi ne kada a bari abu ya taru: duk sakamakon da ya biyo ta hannunka ka ɗauke shi a waya, kuma kada ka bar gadon asibiti ba takardar sallama mai ɗauke da sunan ciwo da magunguna.

Abin da bai kamata ba shi ne abin da wasu ke yi don gudun "fayil ya ɓata", wato su sunkuya da shi a jaka su kai gida. Ana fahimtar dalilinsu, wanda aka taɓa buɗe wa fayil na wucin gadi sau biyu ya san zafin abin. Amma ranar da aka kawo shi a sume, fayil ɗin na ƙarƙashin katifa. Sashe na 29 na dokar 2014 ya haramta shiga fayil ko kwafarsa ba da izini ba, kamar yadda ya haramta wa ma'aikaci sauya abin da aka rubuta ko goge shi ko ƙirƙirar na ƙarya, da hukuncin ɗauri har shekara 2 ko tarar naira 250,000 ko duka biyun. Sashen ya kuma haɗa da ba da bayanin ƙarya don a shigar a fayil, abin da ya kamata masu aron katin inshorar 'yan'uwa su sani. Ƙanwa ta je da katin yayarta, an rubuta rukunin jininta da ciwonta da sunan yayar, an bar wa yayar tarko ranar da za ta buƙaci ƙarin jini.

In ka duba ka ga kuskure, shekaru ko rukunin jini ko wani ciwo da ba ka taɓa yi ba, kana da ikon neman gyara. Ba a goge rubutun asibiti, ja masa layi ake yi a rubuta daidai a gefe da kwanan wata da sa hannu. Ra'ayin likita kuwa, abin da ya zata a ranar, ba a cire shi don bai yi maka daɗi ba, sai dai a ƙara naka bayanin kusa da shi.

In an yi shiru ko an ƙi, a asibitocin tarayya akwai teburin karɓar ƙorafi na SERVICOM, daga nan sai NDPC a kan hana kwafi, ko hukumar kare masu sayayya ta FCCPC, magajiyar wadda ta tsara kundin haƙƙoƙin nan na 2018. In ƙorafin a kan halin likita ne, ana kai shi ga kwamitin bincike na majalisar likitoci, MDCN, da takardar rantsuwa. Bashin asibiti kuma magana ce daban. Suna da hanyoyin neman kuɗinsu, amma riƙe sakamakon da wani likita ke jira don ceton rai ba ya cikin hanyoyin da za a iya karewa.

Mafi wuya shi ne fayil ɗin mamaci. Sirri ba ya mutuwa da mai shi, kuma wanda zai sa hannun izini ya tafi. A Ingila wata doka ta 1990 ta ware wa mai kula da gado, da wanda ke da wata da'awa sakamakon rasuwar, hanyar nema. A nan abin da ya fi tabbas shi ne magada su rubuta ta hannun wanda aka naɗa wakilin gado, in an ƙi su nemi umarnin kotu, wanda sashe na 26 ya amince da shi. A wurinmu wannan na da nauyi na musamman, domin muna binne mamaci cikin sa'o'i, ba mu kuma yarda a buɗe gawa sai dole, don haka fayil ɗin ne kaɗai shaidar abin da ya faru. Da yawa kan ce an bar wa Allah, kuma ba wanda zai tilasta musu. Amma in matashi ya yanke jiki ya faɗi, ko mace ta rasu a kan gwiwa da jijjiga, ko yara biyu a ɗaki ɗaya suka tafi da ciwo iri ɗaya, abin da aka rubuta a takardun nan na iya zama shi ne likitan ƙannensu zai buƙaci gani.